Malmala nawa, inite nawa? Lacca kan ƙidayar abinci ga mai allurar insulin

  

Abin da aka ba ni in yi magana a kai shi ne ciwon sukari, amma ba dukansa ba, don fage ne mai faɗi. Zan tsaya kan mutum guda: wanda yake yi wa kansa allurar insulin kullum, da kuma wadda take dafa masa abinci. Ni ɗalibi ne, ban zama likita ba, saboda haka duk adadin magani da za ku ji na ambata misali ne na lissafi, naka adadin likitanka ne zai yanke maka. Amma ina cikin masu wannan allura tun ina ɗan shekara 16, kuma lissafin da zan nuna muku da shi nake cin tuwona.

Kun san yadda abin yake faruwa a gidajenmu. Ranar da aka ce wane yana da sukari, kowa ya zama malamin asibiti. Gwaggo ta ce ya bar shinkafa, kawu ya ce ya koma cin alkama, maƙwabci ya kawo ɗaurin saiwa mai ɗaci. Sai yaro ya wayi gari duk abincin gidan an haramta masa, ko dai ya rame da yunwa, ko ya riƙa ci a ɓoye. Alhali tambayar da ta fi damun mai insulin ita ce: nawa ne zan ci, kuma allura nawa ta dace da shi?

Bari mu fara da abin da ake ƙidayawa. A darasin kimiyya a lakwal an koya mana glusid, wanda littattafan Najeriya ke kira kabohaidiret. Shi ne sitaci da sukarin da ke cikin abinci. Idan ya shiga ciki, hanji yana narkar da shi ya zama gulukos, ya wuce cikin jini. Daga nan sai insulin, wanda wata gaɓa da ke bayan tumbi mai suna pankireyas ke fitarwa, ya kwashe shi ya kai cikin tsoka da hanta. Ku ɗauka babbar mota ce ta sauke buhuna a bakin kasuwa, insulin kuma ƴan dako ne. Buhuna sun yi yawa, ƴan dako kaɗan, kaya ya tare hanya: sukari ya hau. Ƴan dako sun yi yawa, kaya kaɗan, sai su kwashe har da guzurin direba: sukari ya faɗi. Mai lafiya jikinsa ne ke aiko ƴan dako daidai da kaya, bai ma san ana yi ba. Mu kuwa da hannu muke aiko su, kuma wanda ya shiga jiki ba ya dawowa. Shi ya sa dole mu san yawan buhunan tun motar ba ta iso ba.

Wannan dabara ba ta daɗe sosai ba. An gano insulin a 1921 a birnin Toronto na Kanada, a hannun Frederick Banting da Charles Best, kuma a watan Janairun 1922 aka fara yi wa wani yaro ɗan shekara 14, Leonard Thompson. Shekaru da yawa bayan haka tsarin shi ne a yanke maka allura, kai kuma ka daidaita cikinka da ita. Daga baya wasu likitoci a birnin Düsseldorf na Jamus suka juya lamarin, suka riƙa koya wa marasa lafiya cikin kwana 5 yadda za su daidaita allura da abin da za su ci. Ingila ta ɗauki tsarin da sunan DAFNE, aka buga sakamakonsa a 2002. Kafin nan, a 1993, wani babban bincike na Amurka da Kanada mai suna DCCT, wanda ya bi mutum 1441, ya nuna cewa riƙe sukari kusa da na mai lafiya ya rage haɗarin kamuwa da lalacewar ido da kashi 76 cikin 100. Binciken ya kuma nuna cewa faɗuwar sukari mai tsanani ta ninka wajen sau uku ga masu wannan tsari, kuma za mu dawo kan wannan. Matsalarmu a nan ita ce teburan da aka rubuta a can na burodi ne da dankalin turawa da taliya. Ba za ka buɗe su ka tarar da tuwon gero ko fura ba. Namu aikin sai mun yi da kanmu.

To, me ake ƙidayawa, me ake bari? Harshe ba alƙali ba ne a nan. Tuwo ba shi da zaƙi ko kaɗan, amma malmala guda tana iya fin kwalbar lemo glusid. Duk hatsi yana ciki: gero, dawa, masara, shinkafa, alkama, da duk abin da aka yi da su, kama daga koko da kunu har masa, dambu, fanke da taliya. Rogo, gari, doya da dankali suna ciki. Wake yana ciki, sai dai nasa yana shiga jini a hankali. Ƴaƴan itace, madara, nono, zuma, dabino, rake, duk ana ƙidaya su. Zumar nan da ake cewa ba ta tada sukari, tana tadawa. Alkamar da kawu ya ce a koma mata, glusid ɗinta bai kasa na gero ba. Abin da ba a ƙidayawa shi ne nama, kifi, ƙwai da mai, sai ganye irin su zogale, yakuwa, kuka da kuɓewa, waɗanda nasu bai taka kara ya karya ba. Kwanon kopto na zogale da ƙuli-ƙuli abokin mai sukari ne, muddin ba a cika shi da gari ba.

Akwai ƴan alƙaluma da ya kamata su zauna a ka kamar lambar salula. Shinkafa dafaffiya, giram 100 na ɗauke da glusid wajen giram 28. Burodi giram 100, wajen 55. Wake dafaffe wajen 20, dankalin Hausa dafaffe shi ma wajen 20. Gari busasshe ya haura 80, shi ya sa ɗan kofin gari da ake raina wa yake aikin babban kwano. Mangwaro, in an cire ƙwallo da ɓawo, wajen 15. Madara ko nono marar sukari, wajen 5 a kowane mililita 100. Ƙwarar sukari guda wajen 5, ƙaramin dabino guda shi ma wajen 5. Gwangwanin Coca-Cola na santilita 33 yana da 35, wato ƙwara bakwai ke nan a narke. Garin hatsi ɗanye, na gero ko dawa ko masara, a ɗauke shi wajen 70 cikin 100. Wannan na ƙarshe shi ne mabuɗin tuwo.

Ga yadda ake yi, kuma ina roƙon iyayenmu mata su ba ni kunne, don aikin a madafa yake. Ana buƙatar ɗan sikeli na kicin mai batir, irin wanda masu sayar da kayan kek ke amfani da shi. Kafin a talga, a auna garin da za a tuƙa. A ce kilo guda ne. Kilo guda na gari glusid giram 700 ke nan a cikin tukunya, kuma ruwa ba ya ƙara komai, ba ya rage komai. Idan aka kwashe malmala goma masu kai ɗaya, kowace tana da 70. Idan malmalar gidanku ba ta zuwa daidai, kamar yadda ta saba, sai a auna tuwon duka bayan an kwashe. A ce ya ba da kilo uku da rabi. Ka raba 700 da 3500, ka samu 0,2. Ma'ana kowane giram 100 na tuwon gidanku yana da glusid 20. Daga ranar, ka ɗora kwanonka a sikeli, ka ga 350, ka san 70 ne. Ka ga 250, ka san 50 ne.

Na ce tuwon gidanku da gangan. Hannun Inna daban, hannun yaya daban. Wata tana tuƙa shi da tauri, wata da laushi, kuma mai tauri ya fi glusid a nauyi ɗaya. Don haka lambar da na samu a gidanmu ba lallai ta yi maka aiki ba. Amma mace ɗaya da muciya ɗaya ba ta cika canza hannu ba, in aka auna sau biyu ko uku an gama. Haka ake yi wa dambu, koko, da shinkafa da wake: a auna ɗanye, a lissafa glusid ɗin tukunya, a raba. Kuma ba har abada za ka riƙa yawo da sikeli ba. Bayan ƴan makonni ido yana koyo. Ka zaɓi kwano ɗaya da ludayi ɗaya su zama naka, ka san in shinkafa ta kai wannan zanen giram kaza ce. Lokaci-lokaci ka koma sikeli ka gwada idonka, don ido yana da son zuciya idan miyar ta yi daɗi.

Yanzu ga inda gizo ke saƙa. Mu ba mu cin abinci kowa da farantinsa. Tire ɗaya, hannu biyar ko shida, kuma wanda ya ware kwano ana yi masa kallon mai rowa ko mai ƙyamar mutane. A tire ba ka san abin da ka ci ba, musamman idan kana tsere da ƙannenka. Ni abin da na ga ya fi sauƙi shi ne a aje maka rabonka da aka auna a gefenka na tiren, ko a ɗan kwano kusa da shi, ka zauna cikin mutane, miya ɗaya, hira ɗaya. Ba a raba ka da kowa ba. Amma wannan sai maigida ya faɗa da bakinsa cewa haka za a riƙa yi, don yaro ɗan shekara 15 ba zai iya tsayawa gaban yayyensa da baƙi ya kare kwanonsa kullum ba. Kuma don Allah a rage “ƙara mana, ai ba ka ci komai ba”. Wanda ya riga ya yi allurar malmala ɗaya, ta biyun da kika tura masa saboda ƙauna za ta kwana tana yawo a jininsa. Haka nan kada a ce masa ya jira baƙo bayan ya yi allura. Insulin ba ya jiran baƙo.

Fura ta fi tuwo wuya, gaskiya. Ana dama ta da nono, a zuba sukari da ido, a sha da ludayi ana hira, a dawo a ƙara. In a gida ake yin ta, lissafin gari yana aiki: a auna garin, a ƙirga dunƙulen da ya fitar, sannan a ƙara na nono da na sukari. In saye kake yi, ka riƙe mai fura ɗaya da girman dunƙule ɗaya, ka dama taka a kofinka, ka auna jini kafin sha da awa biyu bayan sha, ka rubuta. Sau uku ka yi haka za ka san furar nan fiye da mai yin ta.

Ƴan fada, ban manta da ku ba. Shayi yana da sauƙin lissafi idan mai dafawa ya yarda a ga hannunsa. A ce ya zuba abin da ya kai ƙwara 12 a buta, aka raba kofi shida. Kowane kofi ƙwara biyu, glusid 10. Na ɗaya, na biyu, na uku, ka sha 30 ba ka tauna komai ba, kuma sukari a ruwa ya fi komai saurin shiga jini. Mafita ita ce a tsiyaya maka naka kafin a zuba sukari. Wurin mai shayi da safe kuma, cokalin cin abinci ɗaya na madarar gwangwani mai kauri mai zaƙi ya kai glusid 10, ban da burodin. Kayan leda da na kwali suna da rubutu a baya: ka nemi layin da aka sa Glucides, shi ne jimla. Layin da ke ƙarƙashinsa, dont sucres, wani yanki ne na jimlar, kada ka haɗa su biyu. Ka duba kuma ko lambar ta giram 100 ce ko ta ledar duka.

To an ƙidaya, sai me? Nan ya danganta da irin insulin ɗin da kake yi, kuma wannan bambanci yana da muhimmanci ƙwarai. Da yawa daga cikinmu gaurayayye muke yi sau biyu a rana, irin su Mixtard 30, wanda kashi 30 nasa mai sauri ne, 70 mai jinkiri. Wanda ke kan wannan ba ya ƙara ko rage allura don girman kwano, domin in ya taɓa mai saurin ya taɓa mai jinkirin tare. Ƙidayarsa ta riƙe ma'auni ce: karin kumallon yau ya yi daidai da na jiya, abincin rana ya zo a kan lokaci kuma da yawansa ɗaya. Amfanin da zai samu shi ne musanya. In rabonsa na dare 70 ne, yana iya cin tuwo giram 350, ko shinkafa giram 250, ko rabin tuwon da mangwaro biyu ƙanana. Ya fita daga kurkukun abinci ɗaya ke nan.

Wanda kuma yake yin mai jinkiri daban, irin Insulatard ko Lantus, da mai sauri a kowane cin abinci, shi ne ke da cikakken lissafi. Likita zai ba shi lamba: inite ɗaya na ɗaukar glusid giram kaza. Wani 10, wani 15, ƙaramin yaro ma fiye da haka, kuma ta safe tana iya bambanta da ta dare. A ce tuwo 70 da mangwaro 20, jimla 90. Mai lambar 15 zai yi inite 6, mai lambar 10 zai yi 9. Kwano ɗaya, allura daban, shi ya sa ba a aron lambar aboki. Akwai lamba ta biyu ta gyara, wato inite ɗaya na sauke sukari da nawa. In naka 0,50 g/L ne, ka auna ka ga 2,20 alhali ana son 1,20, ka ƙara inite 2. Amma kada a jera gyara kan gyara. Mai saurin yana aiki awa huɗu ko fiye, in ka ƙara bayan awa ɗaya don ka ga bai sauka ba, za su haɗu su kayar da kai. Lokaci ma lissafi ne: Actrapid ana yin sa minti 30 kafin a sa hannu a kwano, NovoRapid da Humalog kuwa minti 10 zuwa 15 sun isa.

Duk wannan ba ya tsayawa sai da awon jini da karne. Abin da aka fi nema ga babba shi ne 0,80 zuwa 1,30 g/L kafin cin abinci, da ƙasa da 1,80 awa biyu bayansa. Na san bandelet na da tsada, kuma akwai watan da sai an zaɓa tsakaninsa da wani abu. In sun yi ƙaranci, a kashe su da dabara: wannan mako ka bi karin kumallo, kafin da bayan, mako mai zuwa ka bi abincin dare. Awo biyu da ke kewaye da kwano ɗaya sun fi awo biyar na barkatai koyarwa. Ka rubuta abin da ka ci, glusid nawa, inite nawa, jini nawa. Karnen nan shi za ka aje gaban likita, da shi zai gyara maka lamba, tare da awon HbA1c na kowane wata uku.

Akwai abubuwan da sikeli ba ya gani. Abinci mai maiƙo, irin soye-soyen sallar layya ko masa da ta sha mai, yana jinkirta narkewa, sai sukari ya hau can bayan awa huɗu ko biyar. Ƙwallo, noma da doguwar tafiya suna sauke shi, wani lokaci har cikin dare bayan an kwanta. Zafin watan Afrilu yana sa allura ta shiga jini da sauri, kuma yana lalata wadda aka bari a rana ko a aljihun babur. Zazzaɓi yana tada sukari ko ba ka ci komai ba, don haka ba a daina mai jinkiri saboda rashin cin abinci. A nemi likita.

Na ce za mu dawo kan faɗuwar sukari. Ƙasa da 0,70 g/L ke nan. Alamunta gumi, rawar jiki, yunwa mai tsanani, bugun zuciya, sai magana ta fara rikicewa. A wurinmu an sha ɗaukar mai wannan hali a matsayin wanda iska ta taɓa ko wanda ya sha ƙwaya, a tsaya ana kallo. In kun san ɗan'uwanku na yin insulin kuka ga haka, ku ba shi glusid 15 mai sauri: ƙwarar sukari uku, ko rabin gwangwanin lemo mai sukari. A jira minti 15 a sake awo, in bai hau ba a maimaita. In ya suma, kada a ɗura masa komai a baki, a kwantar da shi ta gefe, a garzaya asibiti. Mai allura kuma kada ya fita gida ba ƙwara uku a aljihu.

Sai azumi, don na san tambayar tana bakin mutane da yawa. Shari'a ta yi wa marar lafiya rangwame, kuma majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta zauna kan ciwon sukari da azumi a birnin Sharja a 2009, ta rarraba marasa lafiya gwargwadon haɗarin da ke kansu. Mai nau'i na ɗaya, musamman wanda sukarinsa ke yawan faɗuwa, yana cikin waɗanda haɗarinsu ya fi girma. Hukuncin na malamai ne, ga su nan zaune, awon haɗarin kuma na likita ne, kuma ana zuwa wurinsa mako shida zuwa takwas kafin ganin wata, don allurar Ramadan ba irin ta sauran watanni ba ce. Wanda aka yarje masa ya ɗauka, ya riƙa awo da rana, tsaga yatsa don awo ba ya karya azumi a wurin mafi yawan malamai. In ya ga ƙasa da 0,70 ko sama da 3 g/L, ya sha ruwa nan take, ko da saura minti goma a kira magariba. Kuma ya ƙidaya buɗa-baki kamar kowane kwano: dabino uku 15, kofin kunu da sukarinsa, ƙosai, lemon zoɓo ko na tsamiya, duk kafin tuwo ya iso. Tabarmar shan ruwa ta gidajenmu tana iya haura glusid 100 ba a kai ga abinci ba.

Na zo da sikeli, da malmala uku daga gida uku daban-daban, da dunƙulen fura biyu. Bayan la'asar, duk mai so, musamman iyayenmu mata, ya same ni a bayan zauren nan. Kowa zai fara cankar nauyin da ido, sannan mu ɗora a sikeli.